Abin Da Binciken Masana Ya Gano Game Da Jari, Rance Da Tafiyar Da Ma'aikata

A ci gaba da ƙoƙarin wayar da kan jama'a da wannan shafi yake yi, mun ga ya dace mu kawo wa al'ummarmu mazauna karkara, tare da jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya, bayani a kan wani fannin ilimi wanda ba kasafai labarinsa yake fita daga harabar jami'a ba, wato binciken da masana suke gudanarwa a kan harkokin kasuwanci da gudanarwa. Wannan fanni yana da manyan rassa uku. Akwai sha'anin kuɗi, wato yadda ake samun jari da yadda ake juya shi. Akwai sha'anin ma'aikata, wato yadda ake ɗaukar mutum aiki da yadda ake bi da shi har ya yi aikin. Sai kuma sha'anin kafa sana'a da raya ta.

Dalilin kawo wannan bayani a fili yake. Kowace shekara gwamnatoci a matakai daban-daban suna ware kuɗi masu yawa domin ba da tallafi da rance, da koyar da sana'o'i, da raba kekunan ɗinki da injinan niƙa. Dattawa daga cikinmu ba su manta da Bankin Jama'a na Nijeriya da aka kafa a 1989 ba, wanda daga baya aka haɗe shi da wasu hukumomi a 2000, haka nan bankunan al'umma da aka fara kafawa a 1990, da kuma tsarin bankunan ba da ƙaramin rance wanda Babban Bankin Nijeriya ya fitar a watan Disamba na 2005. Duk lokacin da aka gudanar da irin waɗannan shirye-shirye ba bisa sani ba, dukiyar jama'a ce take salwanta, kuma sau da yawa talakan da aka ce za a taimaka shi ne ake bari da bashi a wuya. Saboda haka yana da kyau mai rabawa da mai karɓa su san abin da aka riga aka gwada aka ga sakamakonsa.

Yadda ake gudanar da binciken

Kafin mu shiga cikin sakamako, ya kamata mu ɗan bayyana wata hanya da yawancin binciken da za mu ambata suka bi. Idan aka ba mutum ɗari jari, bayan shekara aka tarar sun ci gaba, ba za a iya cewa jarin ne ya ciyar da su gaba ba, domin mai yiwuwa ne damina ce ta yi kyau a wannan shekara, ko kuma tun farko masu ƙwazo ne aka zaɓa. Don kauce wa wannan ruɗani, masana sukan tara mutanen da suka cancanta, sa'an nan su jefa ƙuri'a. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa su sami tallafin, sauran kuwa a ci gaba da bibiyar harkokinsu ba tare da an ba su ba. Tun da ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba, rukunan biyu sukan zo daidai ta fuskar ƙwazo da arziki da shekaru, don haka duk bambancin da ya bayyana daga baya tallafin ne ya kawo shi. Hausawa dai sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Masana uku da suka yi fice wajen amfani da wannan hanya a yaƙi da talauci, wato Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, su ne suka sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2019.

Darasi daga ƙauyukan Zariya

Za mu fara da gida. Tsakanin 1988 da 1989 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka mai suna Christopher Udry ya bibiyi magidanta kusan 200 a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya, yana rubuta duk rancen da suka bayar da wanda suka karɓa. A wancan lokaci ra'ayin da ya fi rinjaye a ofisoshi shi ne cewa manomin karkara ba shi da inda zai sami rance, in ban da hannun wasu 'yan tsirarun masu kuɗi da suke tatsarsa. Abin da binciken ya gano ya saɓa wa wannan zato. Kimanin kashi 75 cikin 100 na magidantan sun ba da rance a cikin wannan shekara, kashi 65 sun karɓa, kuma kusan rabinsu sun yi duka biyun, wato mutum ɗaya yana bin wani bashi, wani kuma yana bin sa. Kusan dukkan rancen tsakanin dangi ne da maƙwabta waɗanda suka san juna ciki da bai. Galibi ba a rubuta takarda, ba a karɓar jingina, ba a yanka kuɗin ruwa, sau da yawa ma ba a tsayar da ranar biya. Akan karɓa da faɗuwar damina, a biya bayan kaka.

Abin da ya fi jan hankalin masana a duniya shi ne yadda ake biyan bashin. Idan wanda ya ci bashi ya gamu da wata jarrabawa, kamar ambaliya ko iska ko ƙwari su ɓata masa gona, ko rashin lafiya ta shiga gidansa, sai a tarar abin da ya biya ya ragu, ko a ɗaga masa ƙafa. Idan kuwa wanda ya ba da rancen ne jarrabawar ta sama, sai a tarar an biya shi da wuri, har da ihsani a kai. Ke nan rancen ƙauye yana aiki biyu a lokaci ɗaya: jari ne na noma, kuma garkuwa ce da jama'a suke raba asara da ita a tsakaninsu, abin da a birni ake zuwa kamfanin inshora a saya da kuɗi. Wanda kuma ya ƙi biya alhali yana da hali, akan kai ƙararsa gaban manyan gari, ya ji kunya, kuma gobe ya rasa mai ranta masa.

A ganinmu wannan bincike yana ɗauke da darasin da jami'ai ba su cika lura da shi ba. Tsarin ya yi aiki ne domin mai ba da rance ya san gonar wanda ya ranta wa, ya san ko da gaske ruwa ya ci ta. Banki ko kwamitin da yake zaune a hedkwata ba shi da wannan sani, shi ya sa yake neman takardu da jingina, ya kuma tsayar da ranar biya wadda ba ta duba ko an yi fari. Amma tsarin ƙauye yana da iyakarsa. Kuɗin da ke yawo a cikinsa kaɗan ne, na 'yan watanni, ba zai sayi injin ban-ruwa ko ya gina shago ba, kuma idan masifa ta game gari duka, kamar shekarar fari, babu mai rarar da zai ranta wa wani. A nan ne ake bukatar hannun hukuma. An yi shekaru fiye da 35 da yin wannan bincike, abubuwa da dama sun canza, amma har gobe shirin rancen da ya bi ta hannun ƙungiyoyin da suka san membobinsu, ya kuma daidaita lokacin biya da lokacin girbi, ya fi kusa da ɗabi'ar jama'armu.

Jari, da inda yake zurarewa

Shin rashin jari ne yake hana ƙananan sana'o'i girma? A 2005 wasu masana uku, Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff, sun gwada wannan a ƙasar Siri Lanka. Sun zaɓi masu ƙananan sana'o'i kimanin 400, suka ba wasu daga ciki kyautar jari ta hanyar ƙuri'a, wasu kwatankwacin dala 100, wasu dala 200. Sakamakon ya nuna cewa jarin yana jawo ƙarin riba ta kusan kashi 5 cikin 100 a kowane wata, wadda ta zarce kuɗin ruwan da bankunan ƙasar suke karɓa nesa ba kusa ba. To amma da aka rarrabe alƙaluman, sai aka tarar maza ne suka sami wannan riba. Sana'o'in mata, a jimlace, ba su motsa ba.

Wannan ya ɗaure wa masana kai har tsawon shekaru, wasu ma suka fara zaton ko mata ba su iya juya kuɗi ba ne. A 2019 wasu masana mata huɗu suka sake duba alƙaluman Siri Lanka da na Gana da na Indiya, suka gano bakin zaren: a gidajen da miji ma yake da sana'a, kuɗin da aka ba matar yakan koma cikin sana'ar mijin. Ribar tana nan a gidan, sai dai ba a cikin tukunyar matar ba. Inda kuwa mace ita kaɗai ce mai sana'a a gida, jarin yakan yi mata amfani sosai. Kazalika wani gwaji da aka yi a biranen Akara da Tema na ƙasar Gana a tsakanin 2008 da 2009, inda aka raba sidi 150 ga kowane mai sana'a, ya nuna cewa matan da aka saya wa kayan sana'a kai tsaye sun fi cin moriya a kan waɗanda aka danƙa wa tsabar kuɗi, musamman waɗanda sana'arsu ta riga ta kafu. Duk wanda ya san gidajenmu ya san dalili. Kuɗi a hannu ba ya rasa mai nema: ga cefane, ga biki, ga ɗan'uwa da ya zo da lalura. Buhun gyaɗa kuwa ko injin markaɗe ya fi wuyar ɓallewa.

Muna jawo hankalin jami'an da ke kula da harkokin mata a ƙananan hukumomi ga wannan batu. Mai ƙuli-ƙuli ko mai man gyaɗa da ta shekara biyar tana sana'arta ta fi kowa sanin abin da ya rage mata, don haka a tambaye ta kafin a saya, kada a kawo mata keken ɗinki alhali ita kaskon suya take bukata. Muna kuma kira ga magidanta da su bar wa iyalansu jarin da aka ba su da sunansu.

Game da ƙaramin rance irin na banki kuwa, wanda ya yi tashe bayan da Muhammad Yunus na ƙasar Bangaladash da bankinsa na Grameen suka sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, an wallafa sakamakon gwaje-gwaje shida a 2015, daga Indiya da Maroko da Habasha da Meziko da Mongoliya da Bosniya. Dukkansu sun tafi a kan abu ɗaya: rancen bai jefa yawancin mutane cikin halaka ba kamar yadda masu suka suke faɗa, bai kuma fitar da su daga talauci ba kamar yadda masu yabo suka yi alkawari. Waɗanda suka fi amfana su ne masu sana'ar da take tafiya tun kafin rancen ya zo.

Koyar da sana'a da dabarun kasuwanci

A ƙasar Jamhuriyar Dominika an kwatanta darussa iri biyu ga masu ƙananan sana'o'i fiye da 1,000, aka wallafa sakamakon a 2014. Rukuni na farko an koya musu lissafin kuɗi irin na akanta. Rukuni na biyu an ba su 'yan ƙa'idoji ne masu sauƙi: a ware kuɗin sana'a a wata jaka, kuɗin gida a wata, mai sana'a ya yanka wa kansa albashi ya tsaya a kai, in ya ɗauki wani abu daga jakar sana'a ya rubuta shi a matsayin bashi, ya mayar cikin mako guda. Darasi mai sauƙin ne ya fi canza halayen mutane, musamman waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Wannan abu ne da ɗan tireda ko mai shayi zai iya farawa yau, ba sai ya jira wani taron bita ba.

A birnin Lome na ƙasar Togo kuma an raba masu sana'a 1,500 gida uku a 2014. Kashi ɗaya an ba su horon kasuwanci da aka saba, kashi ɗaya an ba su wani horo da masana halayyar ɗan'adam suka tsara, wanda yake koya wa mutum ya riƙa fara abu da kansa, ya nemi sabuwar hanya, ya hango matsala kafin ta zo, ya kuma jure idan ya gamu da cikas. Kashi na uku ba a ba su komai ba. Bayan shekara biyu, ribar waɗanda suka sami horo na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu horon da aka saba kuwa da kashi 11 kacal, wanda masanan suka ce bai kai a dogara da shi ba.

A nan gida Nijeriya, gasar YouWiN! da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ta zama abin nazari a duniya. Mutane kusan 24,000 suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200, kuma 729 daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a aka fitar da su daga cikin mutum 1,841 da suka tsallake tantancewa. Kowane ya sami jari mai kauri, wanda iyakarsa naira miliyan 10 ce. Binciken da David McKenzie na Bankin Duniya ya wallafa a 2017 ya nuna cewa bayan shekara uku, waɗanda suka ci sun fi takwarorinsu samun kafa kamfani da ɗorewa a kai, da kuma ɗaukar ma'aikata goma ko fiye, kuma an ƙiyasta guraben aikin da aka samar sun kai 7,000. Sai dai a lura, ta intanet aka nemi shiga gasar, kuma yawancin masu nema sun yi karatu mai zurfi, don haka ba za a ɗauki sakamakon a ɗora a kan kowane ƙauye ba. Wani abin lura da ya fito daga baya shi ne, makin da alƙalan gasar suka bayar bai iya nuna wanda zai yi nasara a kasuwa ba sai ɗan kaɗan. In har ƙwararru sun kasa hango wannan, to kwamitin ƙaramar hukuma da ya tantance waɗanda suka cancanta, sa'an nan ya jefa ƙuri'a a bainar jama'a, bai yi wauta ba, ya ma huta da zargin son kai.

Ma'aikata da ayyukan da ba a kammalawa

Wannan ɓangare ya fi shafar jami'ai. Masana biyu, Imran Rasul da Daniel Rogger, sun yi nazarin ayyukan gwamnati kimanin 4,700 waɗanda hukumomin Gwamnatin Tarayya 63 suka ɗauki nauyi a tsakanin 2006 da 2007, irin su rijiyoyin burtsatse da gine-gine da madatsun ruwa da hanyoyi. Injiniyoyi masu zaman kansu ne suka je suka duba kowane aiki da idonsu. An tarar kashi 38 cikin 100 na ayyukan ko fara su ba a yi ba, kuma kashi 31 ne kawai aka kammala. Daga nan sai masanan suka bi hukumomin ɗaya bayan ɗaya suna tambayar yadda ake tafiyar da ma'aikata a cikinsu.

Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya zo da abin mamaki. Hukumomin da suke sakar wa ma'aikatansu mara, suna ba su damar yanke shawara a kan aikin da ke gabansu da kuma sa baki wajen tsara shi, su ne suka fi kammala ayyuka. Waɗanda kuwa suka fi tsananta sa ido da auna ma'aikaci da maki da alkawarin lada ko horo, ayyukansu sun fi tsayawa. Bayanin da masanan suka kawo shi ne, aikin gwamnati yana da fuskoki da yawa, kuma idan aka ce da abin da ake iya ƙirgawa kaɗai za a auna mutum, sai ya mai da hankali ga cika takardu da faranta wa maigidansa rai, ya bar ainihin aikin. An sake irin wannan nazari a ma'aikatun ƙasar Gana, aka sami sakamako mai kama da wannan.

Kada a fahimci wannan a matsayin izinin barin baitulmali ba mai duba shi. Binciken kuɗi da bin ƙa'idojin kashe su wajibi ne da doka ta ɗora, kuma shi wannan nazari kwatanta hukumomi ya yi, bai bi hanyar ƙuri'a ba. Abin da muke ganin shugaban ƙaramar hukuma ko daraktan ma'aikata zai ɗauka shi ne, injiniya ko malamin gona ko jami'in lafiya da aka ɗauka saboda iliminsa, idan sai ya jira sa hannun mutum biyar kafin ya sayi bututu ɗaya, to rijiyar za ta kai wata damina ba ta ba da ruwa ba.

A Gana ɗin dai, wani masani mai suna Martin Williams ya bi diddigin ƙananan ayyuka fiye da 14,000 na ƙananan hukumomi, kamar azuzuwa da ɗakunan shan magani, ya wallafa a 2017 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka fara ba a gama su, kuma suna cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ayyukan raya ƙasa na waɗannan hukumomi. Ya nuna cewa babban sanadin shi ne ja-in-ja a kan rabon ayyuka: kowane wakili yana son a aza harsashi a mazaɓarsa, sai a karkatar da kuɗin aikin da ake cikin yi zuwa wani sabo, a bar na farko a iya linta. Inda mai ba da kuɗin ya sa sharaɗin sai an gama na hannu kafin a fara wani, matsalar ta ragu. Kansilolinmu da masu tsara kasafin kuɗi za su iya auna wannan da abin da suke gani a yankunansu.

Idan masu bincike suka zo garinku

Duk waɗannan sakamako daga bakin mutane irinmu aka tattara su. Ɗalibai da malamai daga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sukan shiga kasuwanni da ƙauyuka da sakatariyoyi ɗauke da takardun tambayoyi domin rubuta kundin kammala karatu. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa su nemi ganin takardar gabatarwa daga makarantar mai binciken, idan sun gamsu su ba shi haɗin kai. Amsa tambaya ganin dama ne, ba dole ba, kuma mai bincike na gaskiya ba ya karɓar kuɗin rajista, ba ya neman lambar sirri ta katin banki, ba ya kuma yin alkawarin tallafi. Wanda ya amince zai amsa, ya faɗi gaskiyar cinikinsa, kada ya rage don tsoron haraji ko ya ƙara kukan talauci don sa ran samun rabo, domin da waɗannan alƙaluma ake tsara shirye-shiryen da za su dawo gare shi. Jami'an ƙananan hukumomi kuma su nemi mai binciken ya aiko da kwafin abin da ya gano bayan ya kammala, a ajiye shi a sashen tsare-tsare da ƙididdiga, inda za a iya duba shi lokacin shirya kasafin kuɗin shekara mai zuwa.